Za a ɗaga layin dogo sama a unguwarmu a gina sabuwar tasha: me ya hana a haƙa rami?

Maƙwabcin Dogo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san aikin layin dogo, da kuma waɗanda irin wannan aiki ya taɓa ratsa unguwarsu. Hukuma ta sanar da mu cewa za a cire mahaɗar da babban titin unguwarmu yake tsallaka layin jirgi, a ɗaga layin bisa gada, sannan a rushe tsohuwar tashar da ke gefen mahaɗar a gina sabuwa a saman gadar. An raba mana takarda mai ɗauke da zanen aikin, kuma an ce za a yi zaman jin ra'ayin jama'a nan da 'yan makonni.

Ba na musun cewa mahaɗar ta zame mana alaƙaƙai. Da safe, idan sandar tare hanya ta sauka, sau da yawa ba ta tashi sai jirgi biyu ko uku sun gifta, domin kafin wanda ya tsaya ɗaukar fasinja ya tashi, wani ya riga ya danno daga ɗaya ɓangaren. Na sha ganin 'yan makaranta suna sunkuyawa ta ƙarƙashin sandar don kada su makara, kuma akwai ranar da motar asibiti ta tsaya a bayana tana jiniya, babu wanda yake da inda zai kauce mata. Don haka ina son a cire ta.

Damuwata ita ce yadda za a cire ta. Bayan gidana yana jingine da katangar layin, kuma idan na fahimci zanen da kyau, jirgin zai riƙa wucewa daidai da tagar ɗakin sama, inda 'ya'yana mata suke kwana. Ina tsoron ƙara, ina tsoron inuwar gadar ta rufe tsakar gida, ina kuma tsoron idon fasinjoji. Ban da wannan, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma a yanzu taku kaɗan take yi daga titi zuwa dandamalin jirgi ba tare da ta hau ko matakala ɗaya ba. Maƙwabtana da dama suna cewa mu haɗa kai mu nemi a haƙa rami a saukar da layin ƙasa, tunda an yi haka a wasu wurare. Shin wannan buƙata ce da za ta iya yiwuwa, ko kuwa ɓata lokaci za mu yi? Idan kuma gadar ce dole, me ya kamata mu tsaya a kai a wurin zaman?

Injiniyan Gadoji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana farawa ne daga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, wato jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu kamar mota. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, riƙonta kaɗan ne, shi ya sa a yawancin layukan fasinja ake ƙoƙarin kada hawan ya wuce mita 1 a cikin kowace mita 50. Domin babbar mota ta wuce ta ƙarƙashi ana buƙatar sarari na kusan mita 5, idan aka ƙara kaurin gadar kanta sai layin ya tashi wajen mita 7. Ka ga ke nan hawan kaɗai zai ci mita 350 a kowane ɓangare, ga kuma dandamalin tasha da ya kai mita 150 ko fiye, wanda dole ya kasance kusan a miƙe. Aikin da ake yi saboda titi guda sai ya miƙe kusan kilomita ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a iya barin tsohuwar tasha a inda take: layin da take yi wa hidima ya bar ƙasa. Wannan lissafi ɗaya ne ko sama aka yi ko ƙasa.

Rami yana yiwuwa, kuma an yi shi. Babban misalin da muke koyo da shi a wannan fanni shi ne birnin Melbon na Ostireliya, inda gwamnatin jihar Biktoriya ƙarƙashin Daniel Andrews ta fara shiri a 2015 na cire mahaɗu 50, daga baya aka faɗaɗa shi har zuwa 110 kafin 2030. A can an gwada kowace hanya. A unguwannin Ormond da McKinnon da Bentleigh rami aka haƙa a 2016, aka rufe layin kwana 37 ana aiki dare da rana. Tsakanin Caulfield da Dandenong kuwa sama aka ɗaga layin, aka cire mahaɗu 9, aka sake gina tashoshi 5, aka kammala a 2018, kuma mazauna gefen layin sun yi zanga-zanga sosai kafin a fara, da irin dalilan da ka kawo.

Abin da yake raba gardama shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Na farko ruwa. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, bangon ramin yakan zama kamar madatsa: ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya ja baya a ɗaya gefen, kuma hakan yana iya taɓa harsashin gidaje da tushen itatuwa. A Edithvale da Bonbeach, a Melbon ɗin dai, sai da aka yi dogon binciken muhalli kafin a yarda a haƙa, saboda fadamar da ke kusa wadda yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare fadamu, ta ba kariya. Ramin kuma ba ya zubar da ruwan sama da kansa, sai da injin zuƙe ruwa, kuma ranar da injin ya tsaya ana tsakiyar mamako, jirgi ma ya tsaya. Na biyu, manyan bututan ruwan sha da na ƙazanta da na gas da wayoyin lantarki duk suna bin ƙarƙashin titi suna tsallaka layin, rami yana yanke su duka, alhali ginshiƙin gada ana iya dasa shi a tsakaninsu. Na uku, ramin ana haƙa shi ne a daidai inda jirgi yake bi, don haka sai an tsayar da jirage na tsawon lokaci, amma gada ana iya gina babban ɓangarenta jirage suna wucewa.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi waɗannan nauyi, ko da yake na san wanda gidansa yake jingine da layi ba lallai ya gan shi haka ba. Rami yana barin unguwa a rabe biyu kamar yadda take, sai dai inda aka yi masa murfi. Gada kuwa tana buɗe ƙasan gaba ɗaya, mutum ya tsallaka ta ko'ina. A aikin Caulfield zuwa Dandenong an samu fili na hekta 22.5 a ƙarƙashi da gefen gadar, aka yi wuraren wasa da hanyar ƙafa da ta keke.

Game da tsoronka uku, kowanne yana da tambayar da za ka yi. A kan ƙara, ka sani cewa ƙararrawar mahaɗa da hon ɗin da direba yake dannawa kafin ya iso za su tafi tare da sandar, amma ƙarar ƙafafun jirgi daga sama tana tafiya nesa idan ba a tare ta ba, don haka ka tambayi tsayin bangon gefen gadar, da ko layin zai zauna ne a cikin kwarin kankare mai bango hagu da dama. A kan inuwa, ka nemi zanen inda za ta faɗi a rana mafi gajarta ta shekara, da safe da tsakar rana da yamma, domin zanen da ake rabawa yawanci yana nuna lokacin da rana take tsaka. A kan idon fasinjoji, ana sa labulen ƙarfe mai huda-huda a daidai tsayin tagogin jirgi, kuma ya kamata a rubuta a takarda daga ina zuwa ina zai kai. A Melbon gwamnati ta ma yi tayin sayen gidajen da suke manne da gadar ga wanda yake son ya tashi, kuma ba laifi ba ne ku tambaya ko akwai irin wannan tanadi a wurinku.

Tsohon Direban Jirgi ya amsa:

Ɗana, ni zan yi maka magana ne daga kujerar gaba, inda na zauna shekaru masu yawa kafin na yi ritaya. Jirgin fasinja da yake gudun kilomita 80 a sa'a, ko da direba ya ja birki na gaggawa, sai ya ci fiye da mita 200 kafin ya tsaya, na kaya mai nauyi kuwa yana iya wuce kilomita ɗaya. Ba shi da sitiyarin kaucewa. Idan na hango mota a kan layi daga inda ido yake iya gani, abin da ya rage mini shi ne in ja birki, in danna hon, in yi addu'a. Na taɓa hango wata ƙaramar mota da cunkoso ya tsayar a kan layi, ina ganin kan yaro ta gilashin baya, Allah ya sa motar gabanta ta matsa, ta sulale da ƙyar. Na isa tasha ta gaba hannuna yana rawa, kuma har yau idan na ji ƙararrawar mahaɗa sai gabana ya faɗi.

Mahaɗar cikin unguwa ta fi ta daji haɗari ta wannan fuska, domin akwai fitilar ba da hannu a kusa, kuma jerin motoci yakan miƙo har kan layi. Haka aka yi a Fox River Grove a Amurka a 1995, motar makaranta ta tsaya a jar fitila bayanta yana kan layi, jirgi ya buge ta, ɗalibai 7 suka rasu. Akwai kuma haɗarin da doguwar jira take haifarwa. A Japan suna da suna na musamman ga mahaɗar da take rufe minti 40 ko fiye a cikin sa'a guda lokacin cunkoso, suna ce mata mahaɗar da ba ta buɗewa. Irinta ce ta Takenotsuka a Tokyo, inda a 2005 mai tsaron mahaɗar ya ɗaga sanda alhali wani jirgi yana tafe, mutum biyu suka mutu. Sai a 2022 aka gama ɗaga layin wurin sama aka rabu da ita, shekara 17 bayan haɗarin.

Shi ya sa nake roƙonka, ku yi jayayya a kan yadda za a yi aikin iya ƙarfinku, amma kada jayayyar ta kai ga a ɗage shi. Kuma ka tuna cewa muddin sandar tana nan, hukumar jirgi ba za ta iya ƙara yawan jirage ba, domin kowane jirgi da aka ƙara, minti ne aka ƙwace daga titi, har a kai inda sandar ba za ta tashi ba sam.

Uwar Mai Keken Guragu ta amsa:

Malam, na karanta bayanin Injiniya da na Baba Direba, kuma ban ga abin da zan ƙaryata a ciki ba, sai dai ina ganin Injiniya ya wuce da sauri a kan maganar mahaifiyarka, alhali a wurina ita ce gaba da komai. An yi mana irin wannan aiki, kuma ɗana a keken guragu yake tafiya. A tsohuwar tasha shi kaɗai yake tura kansa daga ƙofar gida har bakin jirgi. A sabuwar tasha, wadda ta fi kyau nesa ba kusa ba, da haske da rumfa da wurin zama, lif ɗaya, wato na'urar da take ɗaga mutane sama ta sauko da su, aka sa wa kowane dandamali. Ranar da ya lalace, muka tsaya a gindin matakala muna kallon jirginmu yana tashi a samanmu, aka ce mu koma tasha ta gaba. Wannan ya faru fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin da muka kai ƙorafi sai a ce mana ginin ya riga ya ƙare, babu wurin ƙara na biyu. Don haka abin da za ka fara nema, tun zanen yana kan takarda, shi ne lif biyu ga kowane dandamali, masu faɗin da za su ɗauki keken guragu da mai tura shi, da kuma bayanin abin da zai faru idan wuta ta ɗauke.

Abu na biyu shi ne inda ƙofar tashar za ta kasance. Tunda dole dandamali ya zauna a inda gadar ta miƙe, tashar tana iya matsawa gaba ko baya, kuma mita 200 a wurin mai ciwon gwiwa tafiya ce. Wani lokacin ma haɗe tashoshi ake yi: a Melbon ɗin da Injiniya ya ambata, an rufe tashoshin Surrey Hills da Mont Albert aka yi guda ɗaya a tsakaninsu mai suna Union, aka buɗe ta a 2023. Ka auna da ƙafarka daga ƙofar gidanku zuwa inda zanen ya nuna sabuwar ƙofa, ka kuma duba inda tashar bas za ta koma.

Na uku kuwa babu wanda ya gaya mana shi kafin lokaci. Da sandar ta tafi, motocin da a da suke jere suna jira sai suka samu hanya fetal, suka ƙara gudu, har tsallaka titin da ƙafa ya fi da wuya. Ku nemi a yi wa tashar ƙofa a kowane ɓangare na titin, domin mutum ya hau dandamali ba tare da ya tsallaka ba, ko aƙalla a sa fitilar masu tafiya a ƙasa a daidai bakin ƙofar.

Lokacin aikin kansa ba zan ɓoye maka ba, akwai wahala. Injin dasa ginshiƙai yana girgiza kwanukan da ke cikin gida, ana kawo manyan azarorin kankare da tsakar dare domin a lokacin ne titi yake sarari, fitilun aiki suna haska ɗaki kamar rana, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Makonnin da aka rufe layin aka sa bas-bas a madadin jirgi, tafiyar ɗana zuwa makaranta ta ninka. An kuma sare wasu manyan itatuwa da suka girme ni, aka dasa ƙanana a gurbinsu, kuma wannan har yanzu yana yi mini ciwo. Duk da haka, idan aka ce a mayar mana da sandar, ba zan yarda ba, domin yanzu ɗana yana bi ta ƙarƙashin gadar ya je wurin abokansa a ɗaya ɓangaren, inda a da ƙafar kekensa take maƙalewa a ramin da ke gefen ƙarfen layi, ni kuma ina tsaye zuciyata a hannu.

Filin ƙarƙashin gadar ma ku tambayi wanda zai riƙa kula da shi bayan 'yan kwangila sun tafi, hukumar jirgi ce ko ƙaramar hukuma, domin ɓangaren da aka sa wa fitila da kujeru a wurinmu yana cike da mutane har dare, ɓangaren da aka bari ba mai shi kuwa ya zama juji mai duhu da mata ba sa bi bayan magariba.

Maƙwabcin Dogo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, kuma zan karanta wa maƙwabtana ita kamar yadda ka rubuta. Hajiya, na bi shawararki jiya da yamma, na taka daga ƙofar gida zuwa inda zanen ya sa sabuwar ƙofar tasha, sai na tarar tana ɗaya ɓangaren titin, kuma zanen bai nuna ko lif nawa za a sa ba. Wannan shi zan fara ɗagawa a wurin zaman.

Injiniya, akwai abin da na tuna bayan karanta bayaninka. Akwai wani rafi da aka rufe da kankare yana bi ta ƙarƙashin layin, bai fi tafiyar minti uku daga mahaɗar ba, kuma duk shekara idan ruwa ya yi ƙarfi sai ya cika ya malalo kan titi. Shin wannan kaɗai ya isa ya hana rami? Ina so in sani kafin mu sa hannu a takardar koke, don kada mu ƙarar da ƙarfinmu a kan abin da ba zai yiwu ba, mu bar abin da za a iya ba mu.

Injiniyan Gadoji ya sake amsawa:

Malam, tafiyar minti uku ba ta wuce mita 250 ba, wato rafin yana cikin tsawon da layin zai kasance yana gangarawa, don haka ramin zai yanke shi. Sai dai a karkatar da rafin, ko a bi da shi ta ƙarƙashin ramin da bututu mai lanƙwasa wanda yake yawan toshewa da yashi da shara, kuma a wurin da ruwa yake malala duk shekara, ramin ne zai zama wuri mafi zurfi a unguwar. Ku nemi a nuna muku rahoton binciken ƙasa da na ambaliya da aka dogara da su wajen zaɓen gada, amma ina kyautata zaton rafin nan yana cikin manyan dalilan.

Hajiya ta yi gaskiya a kan lif, kuma na karɓi gyaranta. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi gidanka kai tsaye. Kafin injin farko ya shigo, ka nemi 'yan kwangila su aiko a duba lafiyar ginin a rubuce, ka riƙe kwafi, kai ma ka bi ɗaki-ɗaki ka ɗauki hoton kowane bango da silin da katangar baya, da kwanan wata a jiki, har da ƙananan tsagar da suke nan tun da. Idan wata tsaga ta fito bayan an fara dasa ginshiƙai, waɗannan hotuna ne za a ajiye a gefenta a gwada.